Na Yi wa Zoɓo Marfi, Na Ɗora wa Yaro Laifi

A Gaffati, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da birnin Damagaram, abin sha na azumi sana'ar mata ce, kuma tana da ƙa'idarta tun ba a haife ni ba. Da hantsi ake dafa zoɓo, a tace, a sa sukari da citta da kanumfari, a jefa ƙanƙara in an samu, a ƙulla a leda ko a ɗura a gora, yara su fita da shi bayan la'asar. Abin da ya yi kwantai ba ya kwana. A ba almajirai, a miƙa wa maƙwabta, in kuwa ya soma canja baki a tuttular. Haka ake yi wa lemun tsamiya, haka ake yi wa kunun aya, wanda ya fi su duka gajen haƙuri. Ni ne na zo da bokona na ce wannan ƙa'ida ɓarna ce. Abin da ya biyo baya shi zan faɗa, ba don daɗin faɗa ba, sai don na ga wasu sun fara taka sawuna.

Ba uzuri nake nema ba, amma sai an tuna yadda azumin 2024 ya same mu kafin a gane abin da ya ja ni. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Ba a sassauta ba sai ƙarshen Fabrairu 2024, iyakarmu da Najeriya kuwa sai cikin Maris ta buɗe, azumi ya riga ya kama. Mu da galibin kayanmu daga Kano suke hawowa ta Matamaye ko ta Magarya, mun ji a jikinmu. Sukari ya yi tsada, ƙanƙarar da 'yan kabu-kabu ke ɗauko mana daga birni ta zama sai wane da wane. Ga zafi. Shekarar ce ma'auni ya nuna digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali ranar 3 ga Afrilu, mu nan kuwa digiri 40 da ɗoriya ba labari ba ne a wannan lokaci.

Uwargidana ce mai sana'ar, kuma a hannun gwaggona ta koya, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Ni malamin makarantar boko ne, har da darasin kimiyya nake koya wa yara. Kullum dare ina kallon zoɓon da aka narka wa sukari mai tsada ana rabawa kyauta, sai na ɗauki alƙalami na buga lissafi, lissafin ya nuna mini cewa ribarmu ce almajirai ke shanyewa. Na ce to, me ya sa lemun kamfani yake wata da watanni a shago bai lalace ba? Amsar da na ba kaina ita ce marfi. Dama akwai wani ƙarfen buga marfi da wani abokina fatake ya taɓa kawo mini daga Kano tare da ƙullin marafa, yana ajiye ba a taɓa amfani da shi ba. Na shiga kasuwar Dole na tara tsofaffin kwalabe, kowace iri na samu, mai kauri da marar kauri, don a idona kwalba kwalba ce.

Inda na koyi ɗurin shi ne abin da na daɗe ina ɓoyewa. A waya na nemi yadda ake cika kwalba a gida a buga mata marfi, sai na tarar duk waɗanda suka iya abin Turawa ne masu dafa 'yar giyarsu a gida, lita 4 ko 5, su ɗura a kwalabe goma sha wani abu. Na kalla ina a'uziyya, na rage murya kada a ji. Na ga yadda suke ɗora tulun a bisa teburi, su zura siririn tiyo su janyo ruwan ba tare da sun tayar da laka ta ƙasa ba, su cika kwalba daga gindi zuwa wuya don kada ta yi kumfa, su bar wurin yatsu biyu a sama, su danna marfi. Wannan duka na kwashe tsaf. Amma duk inda mutumin ya tsaya yana dogon bayani a kan wanke-wanke da awon sukari, sai in tura hoton gaba, in ce wannan zancen mashaya ne, ni zoɓo zan ɗura.

Abin da na tsallake shi ne dukan karatun. Mai dafa giya a gida ba ya kusantar kwalba sai ya tabbata yis ya cinye sukarin da ke cikin tulu ƙarƙaf. Yana da ma'aunin gilas da yake tsomawa, ya auna yau, ya sake aunawa bayan kwana 2 ko 3, sai ya ga awon bai motsa ba. Kwalba da tiyo da marfi da duk abin da zai taɓa ruwan sai ya wanke da buroshi, sannan ya bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta ko tafasasshen ruwa. Daga nan ne zai auna ɗan sukari a sikeli, giram 5 zuwa 8 a kowace lita, ya narka ya zuba, domin sauran yis ɗin ya ci ya ba shi kumfa daidai yadda kwalba za ta iya ɗauka. Wasunsu ma sukan cika gorar roba ɗaya tare da kwalaben, suna latsa ta kullum don su san inda iska ta kai. Wato mutanen nan duk tsoron abu ɗaya suke yi: sukari da yis a cikin rufaffiyar kwalba. Ni kuwa kilo guda na sukari nake narkawa a lita 10, giram 100 ke nan a lita, na kuma yi duk abin da ake yi don a gayyato yis, ban sani ba.

Abarbar da ake sa wa zoɓo ta yi tsada, sai na riƙa karɓo ɓawonta wurin masu yankawa a birni, in jefa shi ɗanye cikin zoɓo bayan ya huce, ya kwana yana ba da ƙamshi. Ruwa kuma kowa ya san halin Damagaram da kewayenta, tun zamanin Faransawa ƙishirwarta take, balle da bazara. Saboda haka kwalaben ɗauraya ɗaya nake yi musu in kife. Babban abin shi ne kwantai. Wanda aka ƙulla a leda ko ya rage a kula, ya wuni a rana, sai in juye shi cikin sabon dahuwa, in ce ai jini ɗaya ne.

Ranar da gwaggo ta ga ina juyewa ta ajiye carbinta ta ce, "Ɗan nan, abin zaƙi ba a toshe masa baki a ce ya kwana. Kuma na jiya ba ya shiga na yau."

Na ce, "Gwaggo, ku bar mini wannan. Iska ce ke ɓata abinci, in aka hana ta shiga an gama. Mun karanta shi."

Ta ce, "To, Allah ya sa alheri. Amma kada a kawo mini da shan ruwa."

Uwargida ba ta ce uffan ba, don a gaban gwaggo ne. Da muka kaɗaita ta ce, "Malam, ni fa hankalina bai kwanta ba." Na ce mata haka ci gaba yake, da farko ba ya kwantar da hankali.

Da farko kuwa abin ya yi kyau har ya ruɗe ni. Kwalbar da ta kwana, in aka ɓalle marfin sai ta yi tsaki, ƙananan kumfa su taso, a sha a ji yana ɗan tsikarar harshe. Samari suka sa masa suna mai gas. Na ɗaga kuɗinsa daga dala ashirin zuwa dala talatin, aka ci gaba da saye, har daga birni ana aikowa. Na riƙa cika baki a majalisa cewa na gano sirrin kamfani. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina daga ina gas ɗin ya fito ba, alhali kamfani da na'ura yake tura wa lemunsa iska, ni kuwa ban tura komai ba. Yaron ajina da ya bar irin wannan tambaya a takarda da jan alƙalami zan bi shi.

Ɗan ƙanena ne ke kai kayan birni, ya ɗaura akwatin kwalaben a bayan keke. Sai ya fara dawowa da fasassu, yau ɗaya, gobe biyu, rigarsa duk ja. Na ce ganganci ne, yana tsere da abokai a kan gargada. Na riƙa cire kuɗin kwalba da na zoɓo daga ɗan abin da nake ba shi.

Ya ce, "Baba, wallahi ban buga ba. Ina tsaye a inuwa ta fashe da kanta."

Na ce, "Kwalba ce za ta fashe da kanta? Ƙarya kuma ka fara yi mini da azumi a bakinka?"

A gaban mutane na faɗa masa haka, har da uwarsa a wurin. Ya sunkuyar da kai bai ƙara magana ba. Laifi tudu ne, na take nawa ina hango na yaro.

Ana cikin goman ƙarshe, wata la'asar ya sa hannu zai ciro wa wani kwalba daga akwati, ta tarwatse a hannunsa. Gilas ya tsarge masa damtse, wani ɓalli ya yanke shi a saman gira, tsakaninsa da ƙwayar ido bai kai faɗin yatsa ba. Mutanen kirki suka ɗaure hannun da rawani suka kai shi likita aka ɗinke. Ko a nan, Allah ya yafe mini, abin da ke raina shi ne ya yi gaggawa ya haɗa ta da wata. Sai da dare ya raba, ina kwance, na ji ƙara daga ɗakin ajiya kamar an harba bindiga, jim kaɗan na ji ta biyu. Ɗakin a kulle yake, mabuɗin yana aljihun rigata. Na buɗe na haska fitila: bango ja, gilas ya cake har a buhun hatsi, ga wani wari da ban taɓa jin irinsa a gidana ba amma na san shi, don na taɓa wucewa ta inda ake sayar da burkutu. Babu yaro a ɗakin nan, babu keke, babu gargada.

Daga baya na koma na kalli abin da na riƙa tsallakewa, na kuma buɗe littattafan da ni kaina nake koyarwa da su. Yis halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa, ido ba ya ganinta. Ba a ledar masu gasa burodi kaɗai take ba, tana bisa ɓawon 'ya'yan itace, tana jikin ɗanyar citta, tana cikin ɗigon da ya bushe a gindin tsohuwar kwalba. Abincinta sukari. In ta ci giram 100 sai ta mayar da kusan rabi barasa, rabi iskar kabon. Ba ta buƙatar iskar waje don ta yi wannan aiki, saboda haka marfina bai hana ta komai ba, hanyar fita kawai ya toshe wa abin da take fitarwa. Tsamin zoɓo yana korar ƙwayoyin cuta da yawa, amma ita bai dame ta ba. Ɗumi kuwa shi take so. A wajen digiri 30 cikin sa'o'i biyu takan ninka yawanta. Kowace mai tuyar masa ta san wannan, don ta ga ƙullu ya kwana ya ture faifai ya malalo ƙasa. Ni na ɗauki irin wannan ƙarfi na kulle a gilas.

Lissafin ma mai sauƙi ne, irin wanda nake so. Giram 4 na sukari a lita, in yis ya cinye a rufe, yana ba da matsin iska ma'auni guda. Tayar ƙaramar mota ma'auni 2 da ɗan kai ake ba ta. Masu giyar Shamfen a Faransa giram 24 suke sawa, su sami ma'auni 6, kuma saboda shi suke yin kwalba mai kauri da nauyi, su ɗaure toshiyar da waya. Zoɓona yana ɗauke da ninki huɗu na wannan sukari, a cikin kwalaben da wasunsu an yi su ne don a sha sau ɗaya a yar. Ba sai yis ya ci rabi ba ma. Su Faransawan sun sha wannan wuya kafin su gane: ma'aikatan rumbunansu da takunkumin ƙarfe a fuska suke shiga, an kuma ruwaito cewa a 1828 kusan kashi 80 cikin 100 na kwalaben suka farfashe. Sai a wajajen 1836 wani mai haɗa magunguna, Jean-Baptiste François, ya fito da hanyar auna sukarin da ya rage kafin a ɗura, fashewar ta ragu.

Maganar da na yi wa gwaggo cewa iska ce ke ɓata abinci, ita ma tsohon kuskure ne da masana suka yi suka wuce. Nicolas Appert, wanda gwamnatin Faransa ta ba kyautar faran 12,000 ya kuma buga littafinsa a 1810, shi ya fara adana abinci a kwalba. Amma ba toshewa kawai yake yi ba; in ya toshe sai ya dafa kwalbar da abin da ke cikinta a tafasasshen ruwa. Mutanen zamaninsa suka zaci rashin iska ne sirrin. Sai da Louis Pasteur ya zo, daga 1857 zuwa gaba, ya nuna cewa masu rai ne ke yin aikin, kuma zafi ne ke kashe su. Yis ba ya wuce digiri 60 da rai. Su suna da uzuri, ba a gano ba tukuna. Ni sunan Pasteur na sha rubuta shi a allo da alli.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na gane cewa dabarun tattalina guda biyu, ɓawon abarba da juye kwantai, su ne ainihin sana'ar masu giya. A Meksiko akwai abin sha da ake yi da ɓawon abarba da sukari da ruwa kawai, a bar shi kwana 2 ko 3 ya tashi da kansa. Masu burkutu kuma, ko a ƙauyukan Maguzawa ko masu dolo a Burkina Faso, bayan sun jiƙa dawa ta yi tsiro, sun shanya, sun niƙa, sun dafa, abin da suke tayar da sabuwar tukunya da shi shi ne ragowar tsohuwa. Sak abin da nake yi kowace safiya da bismilla. Bambancina da su, su sun san abin da ke hannunsu. Ba za ka ga mai burkutu ta toshe tulu ba. A buɗe yake yana kumfa, a ƙwarya ake sha, a kwana ɗaya ko biyu a gama da shi. Mai bammi da ganye yake toshe gora don ta yi numfashi. Har kamfanin Chibuku na su Zambiya da Zimbabuwe, da yake sayar da giyar hatsi tana cikin tashi, a kwali yake zuba ta ya bar 'yar ƙofa a sama. Gwaggo ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma hukuncinta da nasu ɗaya ne.

Sauran kwalaben da suka rage ban yarda kowa ya shiga ɗakin ba. Na sayi ƙanƙara da kuɗin da nake ƙyashin kashewa tun farko, na lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu suka yi sanyi, na naɗe hannu da fuska, na riƙa ɓalle su ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin buhun ina tuttularwa a rami. Wasu rabinsu a kumfa ya fice.

Sai nauyin da ya fi gilas kaifi: me na shayar da masu azumi? Na tafi wurin limamin unguwarmu, wanda a gabansa na yi karatun littattafai ina saurayi. Na zauna na ce, "Allah gafarta Malam, na zo da abin kunya." Na kwashe duka na faɗa masa. Ya tambaye ni ko akwai wanda ya sha ya fita hayyacinsa, na ce ban ji ba. A lissafi ma, sukarin da zai ba da iskar fasa kwalba barasar da yake bari kashi 1 ne cikin 100 da 'yar ɗoriya, giyar kwalba kuwa galibi kashi 5 ce. Malam bai ce na sayar da giya ba, bai kuma wanke ni ba. Ya ce abin ya kama hanya, kuma a mazhabarmu abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne, saboda haka ba a wasa a bakin wannan rijiya. Sannan ya tuna mini abin da na karanta a gabansa na manta. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda babu zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a biya ta, an kawo hani a kan yin jiƙon dabino ko zabibi a cikin duma da kuma tulun da aka shafe da kwalta. Asalin zancen yana cikin hadisin tawagar Abdul Ƙais da suka zo Madina daga gabashin Larabawa. Malamai suka ce dalili shi ne irin waɗannan mazubai ba sa numfashi, jiƙo yana saurin tashi a cikinsu mai shi bai ankara ba, saɓanin salkar fata da ba ta ɓoye abin da ke cikinta. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa an ɗage hanin daga baya, amma Imamu Malik ya ci gaba da ƙin waɗannan biyun. Ya kuma kawo abin da Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas, cewa jiƙon da ake yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba ya wuce yammacin kwana na uku. Abin da ya rage a bayar ko a zubar.

Ya dube ni ya ce, "Malam, kwalbarka da marfinta ai ta fi tulun kwalta toshewa. Amma wannan tsakaninka da Allah ne, ka yi istigfari, ba da sani ka yi ba. Wanda ba zan iya yi maka komai a kai ba shi ne yaron. Ka ci kuɗinsa, ka ce masa maƙaryaci a gaban uwarsa."

Wannan shi ne mai wuyar. A al'adarmu babba ba ya ba yaro haƙuri da baki. Sai dai ya saya masa riga ko ya ƙara masa nama a tuwo, kowa ya gane, a wuce wurin. Na so in bi wannan hanya, har na sayi yadin sallah. Amma a gaban mutane na ƙaryata shi, yadi kuwa ba ya magana. Na tara waɗanda suke wurin ran nan, da uwarsa da ƙanena, na ce yaron nan gaskiya ya faɗa, ni ne ban san abin da nake yi ba. Na ƙirga duk abin da na taɓa cire masa na mayar. Na ce, "Ka yafe mini." Ya rasa inda zai sa kansa, ya ce, "Baba, ba komai," yana kallon ƙasa. Ƙanena ya ji nauyin abin har ya so ya hana ni ƙarasawa. Tabon girar yana nan, kullum muka gaisa sai na gan shi. Bayan sallar asuba kuma na miƙe a masallaci na ce duk wanda ke da kwalbata a gida kada ya buɗe, kada ya bar yaro ya taɓa, ya aiko in zo in ɗauka. An yi dariya, an kuma sa mini suna a majalisa wanda har yau bai sake ni ba. Gwaggo ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa" ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ana iya ɗura zoɓo a kwalba ya daɗe, na gwada daga baya yadda ya kamata. Komai da zai shiga, citta da ɓawon abarba da sukari, tare ake tafasa su, ba a ƙara ɗanyen abu ko ɗanyen ruwa bayan an sauke. Kwalba mai kauri, marar tsaga a baki, a goge cikinta da buroshi da sabulu a dafa ta. Tana da zafi za a ɗura zoɓon da zafinsa, don gilas mai sanyi yana tsagewa in ya ji tafasasshe. A bar wurin yatsu biyu, a buga marfi, a shimfiɗa tsumma a gindin tukunya a jera su, ruwa ya rufe su, su yi minti 15 zuwa 20 yana tafasa. Wanda aka yi wa haka ba ya tsaki in an buɗe shi, kuma haka ake so. Tsaminsa ne ya sa wannan ta wadatar. Kunun aya da duk abin da ba shi da tsami kada a kuskura a yi masa haka a ajiye, domin akwai ƙwayar cuta mai mugun dafi da tafasar tukunya ba ta kashe irinta, a rufaffen mazubi take tsira. Kamfanoni sai sun kai digiri 121 da tukunyar matsi suke samun kanta. Gorar roba kuma ba ta jure wannan zafi, lanƙwashewa take yi.

Sai dai da na sake buga lissafi, wannan karon har da itace da ruwa da sabulu da wunin mutum, sai na ga abin da ake kashewa a dafa kwalba ya fi kwantan da ake ba almajirai. Ga ƙaramar sana'a irin ta gidanmu, a gari mai tsadar ruwa da makamashi, hanyar gwaggo ita ce mai riba. Uwargida ta koma dafa daidai abin da za ta sayar, ta rage tukunya, ƙarfen buga marfi ya koma inda yake.

Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne yanzu kowace kasuwa, daga Mirya zuwa cikin birni, gorunan roba ne cike da zoɓo da citta da kunu, an murɗe marfi tam, ana yawo da su a rana, wanda bai ƙare ba a mayar a kula gobe a sake fitowa da shi. Roba ba ta yanka kamar gilas, amma abin da ke faruwa a ciki ɗaya ne, kuma marfinta in ya harbo yana iya samun ido. Masu sayarwa, ku daina juye na jiya a na yau, ku daina sa ɗanyen ɓawo a abin da zai kwana. Mai saye kuma, kafin ka biya ka latsa gorar. In ka ji ta yi tauri ba ta lotsawa, ko ka murɗa ta yi tsaki alhali ba kamfani ya ɗura ta ba, ka mayar wa mai ita, ka kuma gaya mata dalili.